Sabuwar lasifika mai tsohon suna: me mai saye yake biya wa kuɗi?

Duk wanda ya shiga shagunan kayan lantarki na Banex a Wuse II, ko na cikin kasuwar Wuse, da niyyar sayen lasifikar falo, abin da zai fara cin karo da shi shi ne dogayen akwatuna masu fitilu kala-kala, an manna musu takarda mai cewa ƙarfinsu ya kai wat 3,000 ko 5,000. Idan ya koma gida ya buɗe intanet don ƙarin bincike, sai ya tarar da wata kasuwar dabam: lasifiku sababbi fil amma masu kamannin na zamanin kakanni, akwatin katako mai faɗi, fuska lulluɓe da yadi, da shekarar kafa kamfani a jiki. Farashinsu ya ninka na waɗancan sau da yawa, alhali wat ɗin da aka rubuta musu bai wuce 100 ko 200 ba.

A 2025 kuma aka sami labarin da ya ƙara rikita masu bibiyar harkar. Kamfanin Harman, wanda mallakar Samsung ne na Koriya ta Kudu, ya sayi sashen kayan sauti na kamfanin Masimo a kan dala miliyan 350, abin da ya haɗa Bowers & Wilkins da Denon da Marantz a gida ɗaya da JBL, dukansu sanannun sunaye a harkar kayan sauti. Tambayar da ta biyo baya ita ce: idan sunayen da ake tallatawa da tarihin shekara sittin ko tamanin suna ta sauya hannu, mene ne ainihin abin da aka gada, kuma nawa ne daga cikin kuɗin mai saye yake tafiya ga sauti, nawa ga labari?

Abin da ake nufi da hai-fai

Hai-fai na nufin kayan sautin da burinsu shi ne su maido da abin da aka naɗa kamar yadda aka naɗe shi, ba ƙari ba ragi. Wannan ya bambanta su da lasifikar wurin biki ko ta kan hasumiyar masallaci, waɗanda aikinsu shi ne su kai murya nesa, ko da ta ɗan sauya a hanya. A 1966 Jamus ta fitar da ma'aunin DIN 45500 wanda ya ƙayyade mafi ƙarancin ingancin da na'ura za ta cika kafin a kira ta hai-fai, amma a kasuwar yau kowane kamfani na iya buga kalmar a kwali ba tare da wani ya tambaye shi hujja ba.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga wanda ke kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai kaɗawa sau 20,000, kuma wannan adadi shi ake aunawa da haz. Faifan lasifika guda ba ya iya ɗaukar wannan zango duka da kyau, shi ya sa ake raba aikin. Babban faifai, wanda 'yan kasuwa ke kira wufa, shi ke fitar da sauti mai kauri, wato bes. Ƙaramin da ake kira tuwita shi ke fitar da siririn sauti. A cikin akwatin kuma akwai wani ɗan allon lantarki da ke rarraba wa kowane faifai rabonsa. Akwatin kansa ba ado ba ne, domin shi ke hana sautin da ke fita ta bayan faifai ya kashe wanda ke fita ta gaba.

Inda ƙirar ta samo asali

A 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana ƙirar da har gobe ita ce tushen kusan kowace lasifika: naɗin siririyar waya a tsakiyar maganaɗisu, an liƙa shi da faifai mai siffar mazurari, wutar da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta turo tana sa shi gaba da baya yana tura iska. Lasifikar wayar hannu da ta dala dubu hamsin duk a kan wannan suke. Ƙirar tana da babban rauni guda, wato asara, domin a yawancin lasifikun gida kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na wutar da ta shiga yake zama sauti, sauran ya tafi a zafi. Tarihin harkar, in an taƙaita shi, tarihin dabarun zama da wannan rauni ne.

Dabara ta farko ita ce ƙaho. A 1946 Paul Klipsch ya kafa kamfaninsa a garin Hope na jihar Arkansas, ya fara ƙera Klipschorn, wata ƙatuwar lasifika da ke da ƙaho a naɗe a cikinta, wadda ake jinginawa a kusurwar ɗaki don bangaye biyu su zama cigaban ƙahon. A lokacin amfilifayoyi masu aiki da kwalaben gilashi ne, irin na tsohuwar rediyo, ƙarfinsu 'yan wat kaɗan, saboda haka dole lasifika ta iya cika ɗaki da abinci kaɗan. Dalilin da ya sa ƙaramar amfilifaya ke kai kiran salla unguwa guda ta ƙahon masallaci, shi ne dai dalilin da Klipsch ya dogara a kai.

Dabara ta biyu ta zo a 1954, lokacin da Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research ya rufe akwati ruf, ya bar iskar da ke ciki ta riƙa maido da faifai mazauninsa. Sakamakon shi ne bes mai zurfi daga akwatin da zai zauna a kan kanta, sai dai yana cin wuta sosai, kuma ya ci sa'a domin ba da daɗewa ba amfilifayoyin tiransista suka sa wat ya yi araha. Ta uku ita ce akwati mai rami, inda ake barin wata kafa don iskar ciki ta taimaka wa bes. An daɗe ana yin sa da gwaji da kuskure, har sai da Neville Thiele a Ostireliya ya fitar da lissafinsa a 1961, Richard Small na Jami'ar Sidni ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Daga nan injiniya ya sami damar sanin yadda akwati zai yi sauti tun kafin kafinta ya yanka katako. Mafi yawan lasifikun da ke kasuwa a yau masu rami ne.

Waɗannan hanyoyi uku suna ƙarƙashin wata ƙa'ida da ake dangantawa da Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙarancin cin wuta, biyu kawai ake iya samu a lokaci guda. Tambari ya fi kalangu kaurin murya ne saboda faɗin fatarsa da girman cikinsa, haka abin yake a nan. Duk tallar da ta yi alkawarin ukun gaba ɗaya, akwai abin da ba ta faɗa ba.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Sashen bincike na BBC ya buƙaci ƙaramar lasifika da za ta shiga motar watsa shirye-shirye daga waje, ta kuma fitar da muryar ɗan Adam ba tare da ta yi mata kwalliya ba. Abin da ya fito a tsakiyar shekarun 1970 shi ne LS3/5a, mai tsayin kusan santimita 30, da faifai biyu na kamfanin KEF. BBC ba ta sayar da ita da kanta ba, lasisi ta riƙa bai wa kamfanoni irin su Rogers da Spendor da Harbeth, da sharaɗin kowace guda ta dace da ma'aunin da ta gindaya.

Gado iri uku da talla ke cakuɗawa

Idan kamfani ya ce sabuwar lasifikarsa ta gaji wata tsohuwa, yana iya nufin abu uku mabambanta, kuma talla ba ta cika rarrabe su ba.

Na farko gadon suna ne, wanda ake saye ana sayarwa kamar kowace kadara. Gilbert Briggs ya kafa Wharfedale a yankin Yorkshire a 1932, amma yau sunan yana hannun International Audio Group, wanda manyan masana'antunsa ke ƙasar Sin, tare da Quad da Mission da Leak. KEF, da Raymond Cooke ya kafa a 1961 a Maidstone, yana hannun Gold Peak na Hong Kong tun 1992. Tannoy na 1926 ya koma ƙarƙashin rukunin da ya mallaki kamfanin kayan sauti na Behringer a 2015. JBL ya fara a 1946, mai shi James Lansing ya rasu a 1949, Samsung kuma ya mallaki Harman, uwar JBL, a 2017 a kan kusan dala biliyan 8. Wannan ba ya nufin inganci ya faɗi. Wani lokacin sabon mai gida ne yake kawo kuɗin bincike da tsohon ba shi da su, kuma masana'antun Sin suna ƙera na banza suna ƙera na ƙwarai, gwargwadon abin da aka biya. Abin da yake nufi kawai shi ne shekarar da aka buga a jikin akwati ba shaida ba ce a kan wanda ya zana lasifikar ko inda aka haɗa ta.

Na biyu gadon kama ne. JBL L100 ta 1970 ta samo asali daga lasifikar ɗakin naɗar sauti, ta kuma yi suna da murfinta na soso mai gida-gida. A 2018 kamfanin ya fito da L100 Classic a kan dala 4,000 guda biyu, da murfi iri ɗaya da siffa iri ɗaya, amma faifan ciki da allon rarraba sauti duk sababbin ƙira ne. Haka Wharfedale ya yi a 2019 da Linton, sunan da ya fara amfani da shi a 1965, haka KLH ya yi da Model Five a 2021. A duk waɗannan, abin da ya dawo shi ne fuska. Cikin na zamani ne, kuma a ma'aunin hai-fai sababbin sun fi na asalin daidaito. Mai neman ainihin sautin 1970 ba zai same shi a nan ba, mai neman sauti mai kyau a cikin tsohuwar riga kuwa zai iya samu.

Na uku shi ne gadon ƙira, kuma shi ya fi ƙaranci. Klipschorn ba a taɓa daina ƙera ta ba tun 1946, kuma har yanzu a Hope ake haɗa ta, duk da an sha sauya kayan cikinta. LS3/5a da ake ƙerawa yau da lasisin BBC dole ta bi ma'aunin asali. A nan ana iya bin sawun da'awar a tabbatar. Akwai kuma abin da ke tsakani: lokacin da KEF ya fitar da LS50 don cikarsa shekara 50, ya danganta ta da LS3/5a, alhali tana amfani da ƙirar Uni-Q ta 1988, wadda ke sa tuwita a tsakiyar babban faifai, kuma ba su haɗa komai a gini ba sai ƙanƙanta da manufa.

Dalilin da ya sa wannan salon talla ya yi ƙarfi a 'yan shekarun nan ba ɓoyayye ba ne. Jama'a sun koma sauraro ta waya da abin kunne da ƙananan lasifikun Bluetooth, sai kasuwar manyan lasifiku ta tsuke ta koma ga masu kuɗi da masu sha'awa. Lissafin Thiele da Small da kwamfuta sun sa ƙaramin kamfani ma yana iya fitar da lasifika mai kyau, don haka inganci kaɗai ya daina bambanta wani da wani, tarihi kuwa ba a kwaikwayonsa. Ga kuma dawowar faifan garmaho, wanda a 2022 ya zarce CD yawan sayarwa a Amurka a karon farko tun 1987, ya jawo sha'awar kayan da suka dace da shi a ido.

Lambobin da ke jikin kwali

Wat shi ne lambar da aka fi yaudarar mutane da ita. Lasifikar da ba ta da amfilifaya a ciki ba ta samar da wat ko ɗaya. Lambar da aka rubuta mata tana nuna abin da za ta iya jurewa ne kafin ta ƙone. A kan na'urori masu amfilifaya kuwa, lambobin dubbai yawanci na ma'aunin PMPO ne, wanda ba shi da wata ƙayyadaddiyar hanyar gwaji da kowa ya yarda da ita. Irin wannan zuzutawa ce ta sa hukumar kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a 1974 cewa a riƙa bayyana ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore. Mai saye a Wuse yana da hanyar bincike mai sauƙi, wato ya juya bayan na'urar ya karanta wutar da take ja daga soket. Abin da ke jan wat 80 ba zai iya fitar da 5,000 a ɗore ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Lambar da ta fi wat amfani ita ce ta yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat guda a tazarar mita ɗaya, wadda ake aunawa da desibel. Kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wuta sau biyu, kuma sai an ƙara kusan desibel 10, wato wuta sau goma, kafin kunne ya ji ƙara ta ninka. Ma'ana, daga amfilifayar wat 100 zuwa ta 200 bambancin ɗan kaɗan ne. Klipschorn tana ba da kusan desibel 105, LS3/5a kuwa kusan 83, don haka ƙaramar tana buƙatar wuta sama da sau 100 kafin ta kai ƙarar babbar, kuma za ta ƙone tun kafin ta kai. Dukansu ana kiran su gado, amma ba ɗaki ɗaya ko mai sauraro ɗaya aka yi su domin shi ba.

Zangon sauti ma haka ne. Rubuta cewa lasifika na kaiwa daga haz 30 zuwa 40,000 ba ya cewa komai idan ba a faɗi yawan desibel ɗin da sautin ke hawa ko sauka a tsakani ba, ga shi kuma yawancin manya ba sa jin abin da ya wuce 15,000 ko 16,000. Kayan da aka yi faifai da su, ko zaren Kevlar mai ruwan ɗorawa da Bowers & Wilkins ya yi suna da shi, ko lu'ulu'u, ko ƙarfen berilium, kowanne yana da hujjarsa ta injiniya, sai dai yadda aka haɗa sassan ya fi tasiri a kunne fiye da sunan kayan.

Masu awo da masu kunne

Saɓanin da ya fi daɗewa a wannan fage shi ne tsakanin masu dogaro da awo da masu dogaro da sauraro. Ɓangaren farko yana kafa hujja da aikin Floyd Toole, wanda ya fara a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada kafin ya koma Harman, da abokin aikinsa Sean Olive. A wani gwaji da suka wallafa a 1994, sun sa mutane sun saurari lasifiku a bayan labule, sannan suka sake saurarensu a fili. Da ido ya shiga, makin manyan lasifiku masu tsada da ƙyalli ya tashi, na ƙananan ya sauka, har ga ƙwararrun masu sauraro. Bincikensu ya kuma nuna cewa idan ba a gani, yawancin mutane sun fi son lasifikar da ba ta fifita wani sashen sauti a kan wani, wadda kuma sautin da take watsawa gefe yake kama da wanda take turawa gaba. Daga wannan aiki aka samo ma'aunin CTA-2034, inda ake auna lasifika ta kusurwa 70 a ɗakin da ba ya amsa kuwa.

Ɗaya ɓangaren yana da nasa martanin, kuma ba na banza ba ne. Suna tunatar da cewa Harman mai sayar da lasifika ne, cewa yawancin gwaje-gwajen da lasifika ɗaya ake yinsu maimakon biyu, kuma cewa abin da mafi yawa suka zaɓa ba dole ya zama zaɓin kowa ba. Suna ƙarawa da cewa ba a zama da lasifika a bayan labule: kayan ɗaki ce, za a gan ta kullum, kuma wadda ke da suna tana riƙe darajarta idan an tashi sayarwa. Akwatin tsohon yayi mai faɗin fuska kuma yana da tasiri na gaske a kan yadda sauti ke bazuwa, ba ado kaɗai ba ne.

Idan aka auna hujjojin, masu awo sun fi ƙarfi a kan tambayar wace lasifika ce ta fi maido da sauti daidai, domin su ne ke da gwajin da za a iya maimaitawa. Masu kunne kuma sun fi ƙarfi a kan tambayar me ya sa mutum zai ji daɗin abin da ya saya. Rikicin yana tasowa ne idan talla ta sayar da amsar tambaya ta biyu da sunan ta farko.

Yadda abin ya shafi mai saye a Abuja

Duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, don haka lasifikar dala 4,000 ta koma maganar miliyoyi tun kafin a sa kuɗin jigila da kwastan. Wannan ya tura mutane da yawa ga na hannu, waɗanda galibi ke biyowa ta kasuwar Alaba a Legas. A nan ne ake samun tsoffin na asali da araha, a nan ne kuma haɗari yake. Soson da ke zagaye da bakin faifai yana ruɓewa bayan shekaru, sassan allon rarraba sauti suna tsufa, kuma sau da yawa wani mai gyara ya riga ya cire faifan asali ya sa wanda ya samu, sai ya zama akwati da tambari kaɗai suka rage. Cire murfi a duba, da kunna kowace guda ita kaɗai da muryar mai karanta labarai, yana tona yawancin wannan. Amfilifayar da aka yi don Amurka kuma wutar bolt 120 take sha, ta Nijeriya kuwa 230 ce.

Ɗaki ma yana da hannu fiye da yadda ake zato. Falon da aka saba gani a Gwarimpa ko Kubwa, mai tayil a ƙasa da bangon siminti da manyan tagogi, yana mayar da sauti ta ko'ina har magana ta cakuɗe, kuma a sashen bes ɗakin ne ke da rinjaye a kan lasifikar. Kafet da labule masu kauri da kujerun kushin suna gyara abin da ƙarin kuɗi a kan tambari ba zai gyara ba. Lasifika mai rami a baya kuma tana buƙatar a janye ta daga bango, abin da ba kowane falo ne ke da filinsa ba.

Akwai wani wuri da tsohuwar ƙira ke da fifiko na zahiri a nan. Lasifikar da ba ta da amfilifaya a ciki ba ta shiga soket, don haka amfilifaya ce hawa da saukar wuta ke bugawa, ita kuwa tana iya yin shekara talatin. Ta zamani mai haɗe da amfilifaya da intanet tana mutuwa gaba ɗaya idan allonta ya ƙone, tana kuma dogara da manhajar kamfani. A 2020 kamfanin Sonos, mai ƙera irin waɗannan lasifiku, ya sanar da daina sabunta wasu tsoffin na'urorinsa, masu su suka yi ca. A ɗaya gefen, ta zamanin tana iya gyara sautinta ya dace da ɗaki, ba ta kuma buƙatar a saya mata amfilifaya dabam.

Ta fuskar doka, dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa a kan kaya, kuma jabun lasifiku masu tambarin manyan kamfanoni suna cikin abin da za a iya kai ƙara a kai. Sai dai ƙorafi yana buƙatar rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar samfurin, kuma garantin da kamfani ya bayar a Turai ko Amurka yawanci ba ya bin kayan da wani ya shigo da su da kansa. Kafin a biya, ya kamata mai shago ya rubuta wa'adin garanti a jikin rasit, ya kuma faɗi inda za a sami tuwita ko wufa na asali idan ɗaya ya ƙone.